Taurarin Silima na Da, da Hakkinsu da ke Wuyanmu

Wanga jawabi ne da kwamitin al'adu na ƙungiyarmu ya karanta wurin taron shekara a Tebaram. Mun buga shi nan domin ƴan'uwa da ke wajen bida su samu su karanta.

   

Jama'a, kwamiti ya ɗora mana magana a kan silima da ƴan wasanta na da. Mun san akwai waɗanda sunka ce, ana fama da rijiya da bankin hatsi da rufin aji, ina ruwan ƙungiya da zancen silima? Maganarsu tana bisa hanya, kuma za mu ba su amsa kafin mu zauna. Muna roƙo dai a yi haƙuri a saurare mu har ƙarshe.

Mu da furfura ta kama, yawancinmu ba a gida munka fara ganin silima ba. Wasu a Tawa sunka gan ta ranar da sunka kai dabba kasuwa sunka kwana. Wasu sai da bida ta kai su Abijan ko Kumasi ko Kano. Yara na yanzu ba su san yadda abin yake ba, bari mu kwatanta musu. Gidan silima fili ne babba da anka kewaye da bango, ba rufi, da farin allo can gaba. Sai dare ya yi ake farawa. Masu ƙaramin kuɗi su zauna bisa benci kusa da allo, suna ɗaga wuya har ya ƙage, masu hali su zauna baya bisa kujeru. In inji ya tsinke zare, sai a ɗauki ihu har a ɗaura. Ba mu jin Indiyanci, da yawanmu ba mu karanta Faransanci da ke rubuce ƙasan allo. Amma ba a rasa wani da ya ga fim ɗin sau biyar, shi ke zama tafinta, kowa ya matsa kusa da shi.

A zamanin Nasara da farkon mulkin kai, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da kawo fina-finai da yawancin gidajen silima a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Abin da sunka kawo, shi muke kallo. Sun kawo na kaboyi, munka san John Wayne da Gary Cooper. Sun kawo Shalo mai ɗan gashin baki da sanda da manyan takalma, wanda ke sa mutum dariya ba tare da ya buɗe baki ba. Daga baya, cikin shekarun 1970, Bruce Lee ya shigo, yara sunka riƙa karya ƙafafunsu bisa bangon mutane.

Amma waɗanda sunka fi shiga ranmu su ne Indiyawa. Wa ya manta da Mangala? Sunan fim ɗin na asali Aan, an yi shi a 1952, Dilip Kumar ne jarumi, Nimmi kuwa ita ce Mangala. Wa ya manta da Mother India na 1957, inda Nargis ta fito a uwa? Mijinta ya rasa hannuwansa ya bar gida, mai ba da bashi ya cinye gonarsu, ta ja garma da kanta ta reni ƴaƴanta. A ƙarshe ɗanta ya ɗauke ɗiyar mutane da ƙarfi, ta ɗauki bindiga ta harbe shi da hannunta don mutuncin gari. Mun ga manyan maza suna share hawaye da bakin rawani. Dalili shi ne mu ma mun san mutumin da ke ba da tiya ɗaya ta hatsi da damina, ya karɓi biyu da kaka. Mun san auren dole, mun san kunyar surukai, mun san ɗan da ke durƙusa wa uwarsa. Saboda haka Hausawa sunka raɗa wa ƴan wasan nan sunaye kamar ƴan gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Shi da Amitabh Bachchan sunka haɗu a Sholay a 1975, kuma har yau akwai tsofaffi cikin taron nan da za su iya ba ku labarinsa daga fari har ƙarshe.

Yabon gwani ya zama dole, ba mu rage musu kome ba. To, amma ga abin da ya kawo mu. A daidai lokacin da muke tafa wa waɗanga baƙi, ƙasarmu Nijar tana cikin na gaba-gaba wajen yin fim a Afirka duka. Muna da namu taurari. Ɗaya daga cikinsu ma a Tawa ya yi zamansa shekara da shekaru. In munka tambayi samarin da ke zaune nan su kawo sunan uku daga cikinsu, mutum nawa za su ɗaga hannu?

Bari mu fara da Umaru Ganda, domin labarinsa labarin ɗan bida ne. An haife shi a Yamai a 1935. Yana saurayi ƙarami ya shiga sojan Faransa, anka kai shi yaƙin Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki ba, sai ya bi hanyar da kakanninmu da iyayenmu da mu kanmu munka bi, ya tafi Abijan, ya zama ɗan dako a bakin tashar jiragen ruwa. Can ya gamu da wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jan Rush, wanda ya daɗe yana aiki a Nijar. Sunka yi fim mai suna Moi, un Noir, wato Ni Baƙar Fata, a 1958. Ba wani labari anka ƙaga ba. Rayuwar ƴan Nijar ce a unguwar Tireshibil: neman aikin yini da safe, ɗaukar buhu, cin abinci bashi, da mafarkin ranar Lahadi. Umaru ne da bakinsa ke ba da labari bisa hotunan. Samarin da ke ciki duk sun ɗauki sunayen ƴan wasan Turawa, shi ana ce masa Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, wani Tarzan. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Faransa. Duk ɗan Adar da ya taɓa kwana mutum takwas a ɗaki ɗaya a Abijan, in ya gan shi zai ga kansa.

Umaru ya komo gida ya koyi riƙe kamara da kansa. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, an nuna shi a bikin Kan na ƙasar Faransa a 1969. Shi ne ya fito a tsohon soja da ya dawo daga Indoshin da kuɗi, abokai da mata sunka kewaye shi, ana kiɗa ana yi masa kirari, har aljihu ya bushe, kowa ya watse. A ƙarshe ya ɗauki hanyar gona. Ku gaya mana, wane gari ne a Adar da bai taɓa ganin irin wanga dawowa ba? Sai ya yi Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya sa ido ga yarinyar da anka yi wa wani saurayi alkawari, ya aure ta ta uku da ƙarfin dukiya, abin ya ƙare da jini. A 1972, shekarar da bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, FESPACO, ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, wanga fim ne ya ɗauke ta. Wato ɗan Nijar ne na farko da ya ci ta a Afirka duka. Ya yi Saïtane, ya yi L'Exilé a 1980. Allah ya yi masa rasuwa ran 1 ga Janairu 1981, bai kai shekara hamsin ba. Shi ne anka sa wa babban gidan al'adu na Yamai sunansa, kuma a Wagadugu akwai kyauta da ake ba sabon mai fim da sunansa.

Na biyu shi ne maƙwabcinmu, Mustafa Alasan. An haife shi a 1942 a Ndunga, bakin kogin Kwara. Makanike ne tun farko, kuma mai zane. Tun yana yaro, kafin ya mallaki kamara, yakan haɗa kwali da fitila ya haska zanensa bisa bango, yara su taru su yi kallo. A Yamai ya gamu da Jan Rush a cibiyar bincike, daga nan ya tafi Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, gwanin fim ɗin zane. A 1962 ya yi Aouré, wato Aure, yana cikin fina-finan farko da ɗan Afirka baƙar fata ya yi a ƙasarsa. A 1965 ya yi La Mort de Gandji da zanen kwaɗi, ya samu kyauta a babban bikin baƙar fata na Dakar a 1966. Ya kuma yi Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyara, ana fareti, ana busa, ana jawabai. Mai hankali ya san ba da kwaɗi yake ba.

Ku tsaya ku ji wahalar irin wanga aiki. Injin silima yana wuce hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido ke ganin abu yana motsi. Minti ɗaya ke nan hoto 1,440. Ko da mai zane ya ɗauki kowane zane sau biyu, sai ya zana 720 kafin ya samu minti guda. Da hannu, a cikin zafin ƙasar nan.

Fim ɗinsa da muke so kowane saurayi ya gani shi ne Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya, na 1966. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da tsaraba: huluna masu faɗi, da takalma, da bindigogin kaboyi. Ya raba wa abokansa. Kowa ya yar da sunan da ubansa ya raɗa masa, wannan Black Cooper, wancan James Kelly. Sunka hau dawakin mutane, sunka shiga sata da duka da raina dattawa, har wasa ya zama kisa tsakaninsu. Jingare Maiga, wanda daga baya ya zama babban mai fim, yana cikinsu. Kun ga, tun shekara ta 1966 Mustafa ya gaya mana kayan aro ba ya rufe katara. Iyayen da ke kuka yau da abin da yara ke kwaikwayo cikin salula, ga wanda ya riga su kukan, kuma da silimar kanta ya yi shi.

A 1972 ya yi F.V.V.A., wato mace, gida, mota, kuɗi, labarin ƙaramin ma'aikaci da son a sani ya kai shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba. A 1973, ana tsakiyar farin da ya ƙare mana dabbobi, ya yi Toula daga labarin da Bubu Hama ya rubuta: ruwa ya ƙafe, anka ce sai an ba da budurwa ga aljanin tafki. Ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai shekaru masu yawa. Bayan haka ya tattara ya zo Tawa ya zauna, ya buɗe otal, ya maida wasu ɗakunan wurin aiki, yana ɗinka ƴan tsana yana motsa su kaɗan-kaɗan gaban kamara. Cikin irin waɗanga ayyuka akwai Kokoa, inda kwaɗi ke kokowa a fili, da makaɗa da alƙali da ƴan kallo. Mu mutanen jihar da anka fara gasar kokowa ta ƙasa a cikinta a 1975, ai wanga fim namu ne. Faransa ta ba shi lambar girma a Kan a 2007. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015. A 2017 wani babban gidan adana kayan fasaha na birnin Niyok ya shirya nuna fina-finansa. A 2024 gwamnati ta sa sunansa ga gidan al'adun da a da ake kira na Faransa da Nijar a Yamai. Mutanen Amurka sun sayi tikiti sun zauna sun kalle shi. Mu da muke wucewa ƙofarsa in mun je Tawa, nawa ne cikinmu sunka taɓa ganin ko minti biyar na aikinsa?

Ba za mu manta da Damure Zika ba, ɗan masunta kuma ma'aikacin likita, da abokansa Lam Ibrahim da Tallu. Damure da Lam suna cikin Jaguar, labarin samari uku da sunka taka zuwa Gwalkwas neman kuɗi, su ukun kuma su ne na cikin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, inda sunka shiga daji sayen kaji da wata tsohuwar mota da sai an kwance ta gunduwa-gunduwa kafin a ƙetare kogi. Wanda ya taɓa tura mota bisa hanyar garin nan da damina zai yi dariya har cikinsa ya ƙulle. Shi kansa Jan Rush a jiharmu ajali ya same shi, cikin hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ran 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86. Mustafa da Damure suna cikin motar. A Yamai anka rufe shi.

Yanzu mun zo ga wadda maganarta ta fi yi mana nauyi, kuma muna so iyayenmu mata su saurara. Zalika Sule, an haife ta a Yamai a 1947. Tana budurwa ta hau doki da hular kaboyi a fim ɗin Mustafa. Ta fito a Cabascabo, ta fito a kishiya mai zafin kishi a Wazzou, ta fito a Saïtane da sauransu. Sau da yawa ita ake ba matsayin muguwar mace ko mai zaman kanta, domin ta iya, kuma ba kowace mace ce za ta yarda ta tsaya gaban kamara a wancan zamani ba. To, mutane ba su raba wasa da gaskiya ba. Sunka riƙa zaginta a hanya saboda abin da anka ce ta kwaikwaya. Tana zuwa ƙasashen duniya da sunan Nijar ana karrama ta, ta dawo gida ana nuna ta da baki. Da harkar fim ta faɗi cikin shekarun 1980, ta shiga talauci. Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta a 2004, mai suna Al'lèèssi, inda anka ga tauraruwar ƙasa guda tana zaune a ɗan gida ba famfo, tana ɗibar ruwa da kanta. Har sai da ta fita ƙasar waje aikatau. Ta rasu a Yamai a watan Yuli 2021.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun yi wa Nargis kuka, ba mu taɓa cewa ta kashe ɗanta da gaske ba. Amma tamu da ta yi irin wanga aiki, ba mu yi mata wanga adalci ba. Wasu cikinmu da munka zauna Yamai a lokacin, mun ji ana faɗin maganganun, ba mu ce uffan ba. Wannan shi ne hakkin da muke cewa yana wuyanmu.

Kuma lokaci ba ya jiran mu. Zaren fim abu ne mai lalacewa. Zafi da ƙura da laima suna cin sa, ya fara warin tsami, ya manne, ya mutu. Ku dubi abin da ya faru ga maƙwabtanmu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru da yawa ana zaton ya ɓace. Sai da anka tsinci zarensa a wani ɗakin ajiya a Legas, anka gyara shi, anka nuna shi a Berlin a 2018. Wasu fina-finan Umaru da Mustafa ma an gyara su an maida su cikin kwamfuta. Abin da ya rage shi ne su iso inda mutanensu suke. Sa'an nan akwai abin da ba wani Bature da zai gyara mana, wato abin da ke cikin kan tsofaffinmu. Kowace shekara muna rufe waɗanda sunka ga wancan zamani da idonsu.

Saboda haka kwamiti yana kawo wa taro shawara uku.

Ta ɗaya, a ba magatakarda izini ya rubuta wa gidan al'adu na Umaru Ganda da na Mustafa Alasan a Yamai, a roƙi hanyar samun waɗanga fina-finai bisa ƙa'ida, da yardar masu hakkinsu. Ƴan ƙungiya da ke zaune Yamai su kai takardar hannu da hannu.

Ta biyu, in an samu, a ware dare biyu bayan an gama kaka, lokacin da rumbu ya cika kuma ƴan bida ba su watse ba. A kafa farin ƙyalle a filin lakwal bayan sallar lisha, maza gefe, mata gefe. Da yake yawancinsu da Zabarmanci ne ko Faransanci, malaman lakwal da waɗanda sunka zauna yamma su yi tafinta, kamar yadda ake yi mana a da. Limamai da dattawa su fara gani tukuna, abin da sunka ce bai dace da yara ba a ajiye shi.

Ta uku, samari masu salula su zauna da kakanninsu su ɗauki muryarsu: ina sunka fara ganin silima, wane fim, nawa sunka biya, wace hanya sunka bi zuwa Kurmi, wane aiki sunka yi can. A tara wa magatakarda, mu riƙa buga kaɗan-kaɗan cikin wagga takarda tamu.

Ga amsar masu tambayar kuɗi. Ba za a taɓa dala ɗaya daga asusun rijiya ko na bankin hatsi ba. Za a aje faranti daban, wanda ya ga zai iya ya sa abin da ya sawwaƙa. In bai isa bana ba, a jira baɗi. Shawara ta uku kuwa ba ta cin kome sai zama da haƙuri, ana iya fara ta yau da dare.

Gani ya kori ji. Muna so yaron Tebaram ya ga cewa makanike ya yi fim da kwali da fitila har duniya ta san shi, ɗan dako ya ajiye buhu ya ɗauko wa ƙasarsa kyautar da ba wanda ya riga shi. Wanda ya ga haka, in ya tafi bida zai tafi da sanin darajar gidansu.

Allah ya jiƙan Umaru Ganda da Mustafa Alasan da Zalika Sule da Damure Zika da sauran waɗanda sunka riga mu. Allah ya yafe musu kurakuransu, ya yafe mana namu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare ƴan'uwanmu da ke kan hanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In mun yi kuskure cikin magana, dattawa su gyara mana. Mun maida magana ga shugaban taro.